Tarin da Baba Ishaku Ya Haɗiye

Duk wanda ya girma a Makera zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki ya san yadda ake haɗiye tari. A bakin injin shiɓar auduga tsofaffin ma'aikata ke koya wa sababbin shiga: ka manna harshe a saman baki, ka haɗiyi yawu sau biyu, ka ja iska kaɗan-kaɗan ta hanci, in likita ya tambaye ka kada amsarka ta wuce "lafiya lau". Dalili kuwa, sau ɗaya a shekara kamfani ke kiran kowa awo, wanda aka ji ƙirjinsa yana fito, kafin sati ya zagayo an miƙa masa takardar sallama haɗe da godiya. Don haka ranar awo kowa sai ya afa ƙwayar asma tun a gida, ya kora da madarar gwangwani, wai ita ke wanke ƙurar auduga daga huhu. Madara dai ba ta taɓa wanke huhun kowa ba, amma ta yi wa mutane da yawa kumatu, likitan kamfani kuwa kumatun yake kallo.

Irene ta san wannan darasi tun tana firamare, domin a gidansu ake bitarsa. Mahaifinta ya yi shekara ashirin da biyu a sashen shiɓa. A zaune ya rasu, rungume da bayan kujera saboda kwanciya ta gagare shi, kuma ko a ranar ƙarshe da fasto ya zo ya tambaye shi jiki, lafiya lau ya ce masa. An daɗe da rufe masaƙar, ciyawa ta cinye harabarta, amma ba a rufe ɗabi'ar tare da ita ba.

Yanzu shekarar Irene goma sha huɗu tana aikin sa barci a ɗakin tiyata na wani asibiti da ke kan hanyar Kakau. Wurin tsayuwarta wajen kan majiyyaci ne, bayan koren labule, inda ba mai kallo. Masu wuƙa su ake kawo wa kaji da doya in an warke. Ita nata shi ne ta tabbatar mutum yana numfashi, jininsa yana zagayawa, har a ɗinke. Tana da baki, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kan abin da ya shafi fayil, har ɗaliban jinya suka sa mata suna Kwastan. Mutum ɗaya ne a duk garin ba ta iya duban idonsa ta ce a'a, shi ne kuma aka kwantar a gado na shida ranar Litinin ɗin nan.

Baba Ishaku aminin mahaifinta ne, inji ɗaya suka tsaya a kai. Shi ya riƙe gaban akwatin ranar jana'iza, shi ya kama hannunta ya shiga da ita coci ranar aurenta. Wata bakwai ke nan ƙafafunsa na mutuwa a hankali. Ya fara da tuntuɓe a inda babu dutse, ya koma sanda, ya koma dafa bango. Hoto ya nuna wani ƙashi a tsakiyar bayansa ya danne laka, wato jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin baya tana kai saƙo ƙafafu. Har yanzu yana iya motsa yatsun ƙafa, yana kuma ji in an tsikare shi. Dakta Victor, likitan ƙashin baya da ke zuwa daga Jos sau ɗaya a wata uku, ya faɗa ba kwana-kwana cewa wannan ɗan motsin shi kaɗai ya rage musu, kuma ba zai jira wata uku nan gaba ba. A zuwansa na baya an ɗage aikin saboda jinin Baba ya hau. Wannan karon Talata aka sa, Alhamis kuma likitan zai kama hanyarsa.

Da la'asar Irene ta bi Dakta Sadiƙ zagayen duba waɗanda za a yi wa aiki gobe. Shi ne likitan sa barci, mutum mai sanyin hali da bin takarda daki-daki, bara aka kawo shi daga Gombe, bai taɓa jin jiniyar masaƙa ba a rayuwarsa. Ya gaida Baba Ishaku cikin ladabi, ya tambaye shi ko ya taɓa asma, ko yana shan taba, ko tari na damunsa. Baba ya girgiza kai sau uku. Da aka tambaye shi sana'a, ya ce ya yi ritaya, yana ɗan taɓa noma a Kakau, kuma wannan gaskiya ce. Dakta Sadiƙ ya sa abin sauraro a kunne, ya bi bayansa da gabansa, ya ɗaga hoton ƙirji ya kalla a hasken taga, ya ce ai Baba ya fi wasu samarin.

"Lafiya lau," in ji Baba Ishaku.

Irene ba hoton take kallo ba, maƙogwaronsa take kallo, ta kuma ga ya motsa sau biyu. Ta sauke ido ƙasa, sai ga gwangwanin madara mai huda biyu a ƙarƙashin lokar gefen gado.

Ta bari sai da Dakta ya wuce ɗakin mata, matar Baba, Mama Esther, ta fita ɗebo ruwan zafi, sannan ta dawo ta ja labule. Ta tsaya a bakin gadon. Baba ya kasa kunne har takun takalman likita ya ɓace, sai tarin ya fashe. Ya daɗe yana yi, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, kowace fitar iska tana ja da wani siririn fito wanda Irene ta yi shekara goma sha biyar tana ji ta bangon ɗakin iyayenta.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun ba a haife ki ba. Sai me?"

Ta zauna a bakin gado ta yi masa bayani a hankali. Ta ce gobe ba shi zai yi numfashi da kansa ba, inji ne zai yi masa, a kife za a kwantar da shi na awa uku ko huɗu, shi kuwa inji ba ya jin "lafiya lau". Dole likita ya san irin huhun da zai hura. Baba ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya tambaye ta abin da za a yi in ta faɗa. Ta ce mai yiwuwa a tura shi gwajin hura bututu, na auna ƙarfin huhu, a asibitin tsallaken gada. Ya ce ya san wurin, maƙwabcinsa ya yi sati biyu yana bin layi, kafin nan mutumin Jos ya daɗe da isa gida.

"Ni ba mutuwa nake tsoro ba, 'yata," ya ce, yana share ido da bakin zane. "Esther ta ciccibe ni ta kai ni bayi, shi nake tsoro. Ita ma bayanta ya ƙare. Ubanki bai taɓa tona ni ba, ni ma ban taɓa tona shi ba. Yau ke ce za ki fara?"

Amsar tana bakin Irene, cewa rashin tonon ne ya kai uban nata kabari. Da wani ne ya yi mata wannan magana, da tuni ta wanke shi tas ta rubuta da jan biro. Amma ta dubi yatsun ƙafarsa da suka leƙo daga ƙarƙashin bargo, ya kuwa motsa mata su da gangan, kamar yaro mai nuna sabon takalmi. Tausayi da kunya suka rufe ta. Ta miƙe ta gyara masa filo, ta ce ya daina cin komai daga ƙarfe goma.

Ba wai ta yi shiru ba dabara ba ne. Irene ta san injinta kamar yadda ta san murhun gidanta. Hanya biyu yake hura mutum. A ta farko, kai ne za ka yanka masa awon iska, ka ce kaza nake so a kowane numfashi, shi kuma zai cusa wannan awon ko da wane irin ƙarfi ne, kamar mai awo a kasuwa da ya rantse sai mudu ya shiga leda ko za ta fashe. A ta biyu, ƙarfin kake ƙayyadewa, ka ce kada ka wuce nan, huhu ya karɓi abin da zai iya. Ga mai lafiyayyen ƙirji duk ɗaya ne, shi ya sa Dakta Sadiƙ ya saba da ta farko. Amma huhun masaƙa matsalarsa ba shigar iska ba ce, fitarta ce. Hanyoyin sun ƙuntata, iska na buƙatar lokaci ta fice. In inji ya sake turo wata kafin ta farko ta gama fita, sai ragowa ta hau kan ragowa, ƙirji ya yi ta cika har ya matse zuciya, jinin da zai dawo cikinta ya rasa hanya.

Dabararta mai sauƙi ce. Kullum Dakta Sadiƙ in ya sa majiyyaci barci, ya ga an kifa shi lafiya, sai ya bar mata ɗakin ya tafi na biyu, domin shi kaɗai ne a kan ɗakuna biyu. Gobe akwai mai ciki da za a yi wa aiki ƙarfe tara. Da ya fita, za ta juya injin zuwa hanya ta biyu, ta rage yawan numfashi, ta tsawaita lokacin fitar iska, ta fesa maganin buɗe ƙirji a bututu. Ba wanda zai sani, ba wanda zai cutu. Ta sayi abin fesawar da kanta a kemis na bakin titi, ta sa a aljihun riga.

Talata ta waye da hadari. Kafin takwas ruwa ya sauko, yana dukan kwanon ɗakin tiyata har sai an ɗaga murya. Mama Esther ta rako gadon har bakin ƙofa, ta kama hannun Irene da hannu biyu ta ce ta bar mata shi, bayan Allah sai ita. Irene ta ce ba komai, Mama, ta zare hannunta da sauri fiye da yadda ya kamata.

Barci ya ɗauke shi ba gardama. Dakta Sadiƙ ya zura bututu ta bakinsa zuwa maƙogwaro, ya haɗa da inji, ya sa awo ɗari biyar, numfashi goma sha biyu a minti. Mutum biyar suka juya shi rub da ciki a kan matasai, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, aka bar cikinsa yana reto don kada a danne shi. Dakta Victor ya shigo hannuwa a sama, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Kafin ya karɓi wuƙa ya leƙo ta saman labule ya ce abu ɗaya yake roƙo: lakar nan ta daɗe a matse, da ɗan jinin da ke isa gare ta take rayuwa, don haka kada a bari awon jini na sama ya sauka ƙasa da ɗari, ko na ɗan lokaci ne. Dakta Sadiƙ ya ce in sha Allahu. Awon a lokacin ɗari da talatin ne.

Irene ta dubi agogon bango, tara saura kwata. Ta dubi ƙofa. Sai ga wata nas ta leƙo ta ce mai cikin nan ta haihu da kanta tun da asuba, an soke aikin ɗaki na biyu. Dakta Sadiƙ ya yi murmushi ya ce yau dai Allah ya hutar da ƙafarsa. Ya jawo kujera ya zauna daidai gaban injin, gwiwarsa na taɓa shi.

Awa ta farko ta wuce shiru, ban da ruwan sama da ƙarar injin zuƙe jini. Irene ta fara gaya wa kanta wataƙila ƙwayar asmar da ta tabbata Baba ya afa jiya za ta riƙe shi. Amma idonta na kan wata lamba a kusurwar allon, wadda ke nuna ƙarfin da inji ke sawa kafin iska ta shiga. Da aka fara ashirin ce. Da aka kifa shi ta koma ashirin da huɗu, wannan ba abin mamaki ba ne, kowa aka kifa sai ta ɗan hau. Ƙarfe goma ta kai ashirin da takwas, ba wanda ya taɓa komai. Ta sa hannu a aljihu ta damƙe abin fesawar, ta ce a ranta bari Dakta Sadiƙ ya tashi ko fitsari ne.

Bai tashi ba. Ya lura iskar da jiki ke fitarwa ta fara taruwa a jinin Baba, ya yi abin da littafi ya ce a yi wa mai lafiyayyen huhu: ya ƙara yawan numfashi daga goma sha biyu zuwa goma sha shida. Irene ta ga yatsansa a kan maɓalli, ta bar shi ya danna. Kowane numfashi yanzu an rage masa lokacin fita.

Dakta Victor ne ya fara ƙorafi. Ya ce wurin aikinsa sai tsattsafo yake da baƙin jini, jijiyoyin gefen laka sun kumbura sun yi tim, yana sharewa suna cikowa, ko wani abu ya danne cikin mutumin ne. Aka zura hannu ƙarƙashin zane aka duba, ciki na reto yadda aka bar shi. Irene ta san daga ina kumburin yake. Jinin da ya kasa shiga ƙirji ne ya ja da baya yana neman wurin tsayawa. Awon jini ya nuna ɗari da biyar, da aka sake aunawa ya nuna casa'in da biyu.

Dakta Sadiƙ ya miƙe tsaye. Ya ce a buɗe ruwa gaba ɗaya, a kawo jini leda ɗaya, ya ce wa Irene ta ba da allurar ɗaga jini. Ta ba da. Awon ya ɗan ɗaga kai ya sake faɗuwa, tamanin da huɗu. Lambar kusurwa ta kai talatin da biyar, injin ya fara kuka. Ya bi bututun da hannu ko ya lanƙwashe, ya duba alamar da ke bakin Baba ko ya zurma ciki da yawa, ya durƙusa ya cusa abin sauraro ta ƙarƙashin zane. Ruwa na dukan kwano, injin zuƙa na gurnani, ya ce da ƙyar yake jin shigar iska ta kowane ɓangare. Duk abin da ya yi daidai ne ga mutumin da ke cikin fayil, sai dai ba shi ne a kan tebur ba.

Ya ɗago ya dube ta ta saman takunkumi.

"Sista, kin san mutumin nan, ko? Yana da wani ciwon ƙirji?"

Ta ji harshenta ya manne a saman bakinta. Ta haɗiyi yawu. A cikin wannan ɗan lokaci ta hango kwamitin ladabtarwa, ta hango lasisinta, ta hango fuskar Baba in ya farka ya ji ita ta tona shi a gaban baƙi.

"Ba a rubuce ba, Dakta," ta ce.

Ya gyaɗa kai ya juya, domin Kwastan ce ta faɗa, in ta ce babu to babu. Ya fara tunanin ko wani magani ne jikin ya ƙi, ko huhu ɗaya ya fashe. Ya ƙara numfashi zuwa ashirin don iskar da ke taruwa. Awon jini ya sauka saba'in. Dakta Victor ya daina aiki, ya danna auduga a wurin, ya tambaya da wata irin murya marar hayaniya nawa ne awon. Aka faɗa masa. Ya ce in bai tashi ba nan da minti biyu, a shirya juya shi, da baya a buɗe. Sittin da biyu. Ƙarar bugun zuciya a allon ta yi sauri, ta kuma yi siriri.

Irene ba ta san lokacin da ta yanke shawara ba. Ta dai ga hannunta ya wuce ta gefen kafaɗar Dakta Sadiƙ, ya kama mahaɗin bututu da inji, ya cire.

"Me kike yi?"

"Ku saurara," ta ce.

Iska ta fara fita daga bakin bututun da siririn fito. Ta yi ta fita. Mai lafiya a daƙiƙa biyu ya gama, wannan ta wuce goma, ta wuce ashirin, tana dukan bayan hannun Irene da ɗumi, bayan Baba yana sauka a hankali a ƙarƙashin hannun Dakta Victor. Ƙarar bugun zuciya ta fara cika. Aka auna, tamanin da takwas. Aka sake, ɗari da goma.

Ta fito da abin fesawa daga aljihu ta miƙa wa Dakta Sadiƙ. Ya dubi abin, ya dubi aljihun da ya fito, bai tambaye ta komai ba, domin abin ya riga ya ba shi amsa. Ita ce ta faɗa da kanta, idonta a ƙasa: shekara ashirin da shida a sashen shiɓa, ƙurar auduga, ta sani tun jiya. Ya fesa maganin, ya juya injin zuwa hanya ta biyu, ya mayar da numfashi takwas a minti, ya ba fitar iska ninki huɗu na shigarta. Bai ɗauke shi rabin minti ba. Tsattsafon baƙin jini ya tsaya, Dakta Victor ya ce yanzu yana ganin gabansa, ya ci gaba da aiki.

Sai da aka fara ɗinki Dakta Sadiƙ ya jawo takardar awo ya bi layin da biro. Daga lokacin da jini ya sauka ƙasa da ɗari zuwa lokacin da ya dawo, minti goma sha ɗaya ne. Shida daga ciki bayan ya tambaye ta ne. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ita kaɗai za ta ji, ba faɗa a muryarsa, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan.

"Da kin gaya min jiya, Sista, ba zan ɗage aikin ba. Maɓalli biyu zan murɗa tun farko."

Ruwa ya ɗauke wajen azahar. Aka kai Baba ɗakin farfaɗowa, aka zare bututu da ya fara numfashi da kansa. Dakta Victor ya ce shi dai ya cire ƙashin tas, laka ta samu fili, sauran sai mutumin ya farka a gani. Ya ce wani lokaci laka takan yi suma ta dawo bayan kwanaki, wani lokaci kuma ba ta dawowa, bai kuma dubi Irene ba da yake faɗa. Ta taga tana hango Mama Esther a kan benci, ta ɗora kwandon abinci a cinya, tana gyara murfin kula.

Irene ta tsaya a wajen ƙafafun Baba. Ta yi shekaru tana tsayawa wajen kai, yau ta kasa. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da mahaifinta ya rasu, domin wancan ba da hannunta a ciki ba.

Wajen ƙarfe uku ya buɗe ido. Ya yi ta kallon silin, sannan ya gane ta, ya yi ɗan murmushi. Da muryar da bututu ya goge ya tambaya ko an yi. Ta ce an yi, Baba. Ya lumshe ido ya ce ya san ba za ta ba shi kunya ba, 'yar ubanta ce.

Likitocin biyu suka shigo. Ganin fararen riguna, Baba ya gyara fuska, maƙogwaronsa ya motsa sau biyu. Dakta Victor ya yaye bargo daga ƙafafun, ya ce Baba ya motsa masa yatsu, na dama tukuna.

Irene ta zuba wa babban yatsan ido, wanda jiya ya yi mata rawa. Farcen ya yi kauri, akwai tsohon tabo a gefensa. Ta ƙirga har goma.

"Baba, motsa mana," in ji Dakta Victor.

"Ai ina motsawa."

Dakta Victor ya zaro allura daga aljihu ya tsikari tafin ƙafar, ya hau idon sawu, ya hau ƙwauri, yana kallon fuskar tsohon. Fuskar ba ta canza ba. Ya tambaye shi ko yana jin wani abu, yaya yake jin ƙafafun.

Baba Ishaku ya dubi likitan, ya dubi na biyun, sannan ya nemi idon Irene, irin kallon da tsofaffin ma'aikata ke yi wa juna a layin awo, na kada ka tona ni.

"Lafiya lau," ya ce.